Inuwa Ba Ta Zama

Tun asuba na zo ƙofar gidan,
kafin amalanke ta iso da kaya.
Ni ba kujera nake fara dubawa ba,
itace nake dubawa.
Dogon yaro biyu, da tsamiya a kusurwa:
su ne masu taron, mu ƴan rakiya ne.

Inna Tsahara ce ta aje aiki.
Shekara talatin da ɗaya tana karɓar haihuwa a Burja,
rabin unguwa a tafinta suka fara kuka,
yau sun ce sai sun zauna sun gode.
Ɗanta Sahabi ya miƙo mini takarda:
manya nan, ma'aikata nan, mata can,
masu katifa goma sha biyu a sahun gaba.

Na ce, Sahabi, bazara ce fa.
Katifa tana shan gumi kamar soso,
ƙarfe kuwa, in ya yi azahar a fili,
ko mai rawani sai ya miƙe ba shiri.
Ɗauki na zare, masu barin iska ta shafi baya.
Ya ce na zare ba su kyau a hoto.
Na yi shiru.
Mai biyan jikka shi ke da ta cewa.

Ya nuna inuwar hantsi, yamma da itace,
mai kauri, mai sanyi kamar bakin rijiya.
Nan ya ce a jera su. Muka jera.

Farar roba ɗari da ashirin,
kowace sai na danna ta da gwiwa,
don mai tsagaggiyar ƙafa ba ta faɗin ciwonta
sai ƙato ya zauna.
Teburin da ke rawa na tokare da katanga ta tsohon tulu.
Randa uku na kafa cikin jiƙaƙƙen rairayi,
na bar hanya tsakanin sahu
yadda mai tiren fura za ta wuce
ba ta taka babbar rigar kowa ba.

Tabarmin kaba kuwa, na Jiratawa,
gabas na kai su, cikin tsakar rana.
Yarona Nomau ya ce, Baba, wa zai zauna can?
Na ce, ɗora duwatsu a kusurwa, ka jira la'asar.

La'asar ta yi.
Inuwa ta naɗe zanenta, ba sallama,
ta tsallaka gindin tsamiya
ta kwanta miƙe bisa tabarmi.
Sahun gaba ya koma tanda.
Na ga takardar jawabi ta zama mafici,
na ga hula tana jiƙewa daga baki.
Wani mai tabarau ya fara tuɓe takalmi,
sai na biyu, sai na uku,
har katifu goma sha biyu suka rage su kaɗai
suna kallon rana ido da ido.

Inna ba ta ko dube su ba.
Ta aika ɗaki aka ɗauko ƴar guntuwar kujerarta,
ta icce, wadda zama ya goge har tana sheƙi.
Daga nan ƙasa ta dinga kiran manya
da sunan da uwayensu ke kiransu.

Bayan magariba muka hau ƙirga.
Ɗari da sha tara.
Na sake, Nomau ya sake.
Sai bayan zaure na gano ta:
wata mai tsohon ciki ta jingina a kanta,
Inna a tsugune, ta riƙe mata hannu,
tana ƙirgan abin da ya fi nawa.

Na ce wa Nomau, ja amalanke mu tafi.
Waccan ta kwana nan.
Ba a rubuta ta cikin haya ba.